Ubaidullahi da Rijiyar da Ta Toshe

Ubaidullahi ɗan Malam Lawal na Maruda shekararsa ashirin da bakwai yanzu. Da can, in ka tambayi mutanen garinsu sana'arsa, sai sun yi jim kafin su ba ka amsa, don sun saba amsar bara ba ta yin aiki bana. Shi ne na huɗu a ɗakin mahaifiyarsa. Mahaifinsa manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani, mutum mai ƙarancin magana wanda ba ya fita ƙasar Gwandu sai da babban dalili. Ɗan bai ɗauko shi ba ko kaɗan. Tun yana ƙarami ake cewa ya ci ƙafar kare. A aike shi sayen gishiri, sai a tsinto shi a maƙera yana kallon zuga-zugi, ko a gindin injin niƙa yana damun mai injin da tambaya.

Amma kansa na ja, wannan babu mai musu. Abin da yara za su kwana uku suna maimaitawa a allo, shi sau ɗaya zai ji ya riƙe. Yana aji biyar na firamare ya kwance rediyon mahaifinsa ya mayar da ita, ta kuma ci gaba da magana. Daga nan yabo ya yi masa yawa. Duk baƙon da ya sauka a gidan sai an kira shi an nuna, ana cewa ga wanda ba a koya wa abu sau biyu. Da wannan magana ya taso a kunnensa, bai san kaya aka ɗora masa ba.

Ya gama sakandare a Gwandu, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya, maki kaɗan ya rage masa. Abokansa da suka faɗi tare suka sake zama da shekara ta zagayo, biyu suka samu. Shi kuwa ya ce boko bai dame shi ba, sana'a yake so.

Aka kai shi wurin wani tela a bakin kasuwar Gwandu. Cikin wata biyu ya fara ɗinka wando shi kaɗai, a wata na huɗu har yanka ake ba shi. Ana saura kwana tara sallah ya yanke wuyan wata shadda, ya zarce da faɗin yatsa biyu. Maigidan ya ɗaga rigar ya duba, bai yi faɗa ba, ya ce kawai gobe ya sammako ya nuna masa yadda ake gyara irin wannan. Ubaidullahi bai sake taka shagon ba. A gida ya ce zaman keke yana sa masa ciwon baya.

Sai ya koma Kalgo, inda yayarsa Halima Sadiya take aure, ya shiga shagon gyaran waya a kan hanyar da ɗaliban jami'a ke bi. Nan ma hannunsa ya faɗa da wuri. A wata na biyar ya bar ƙarfen zafi ya daɗe a cikin wayar wata ɗaliba, waya ta mutu murus. Mai shagon dariya ya yi, ya ce kowa da haka ya koya. Washegari Ubaidullahi ya ce ƙananan abubuwan nan suna kashe masa ido. Ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa sarin mangwaro, kowanne bai kai an yi masa laƙabi da shi ba.

Kabu-kabu ne kaɗai ya riƙe shi shekara ɗaya da rabi, da babur ɗin mijin yayarsa. Aikin ya dace da ƙafarsa. Ka ɗauki mutum ka sauke shi, shi ke nan, babu mai bin aikinka da ido ya ce sake. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. A tsaye yake cin abinci. Zai goyo ɗalibai biyu suna gardamar wani abu da aka koya masu, ya kasa kunne, daidai inda maganar ta fara daɗi sai a iso ƙofar makaranta su sauka, su bar shi da rabin zance yana yi masa ƙaiƙayi. Wani lokaci da tsakar rana zai tayar da babur babu fasinja, ya miƙa har Dangoma ya juyo, bai san abin da ya je nema ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya shiga gidan yayarsa ya same ta tana tsince shinkafa a faifai. Ta zuba masa abinci. Yana ci yana zagaya tsakar gida, yana gaya mata ya yanke shawara zai tafi Yawuri ya koyi gyaran injin jirgin ruwa, don ya ji ana cewa can ne aiki yake. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ubaidu, ran da ka bar ɗinki, me ya faru kwana ɗaya kafin nan?"

Ya dakata da zagayen. Ta ci gaba:

"Ran da ka bar waya fa?"

Ya ce, "Adda, ke ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Kai ba gajiya kake yi ba. Duk inda aka ga kuskurenka sau ɗaya, wurin ya haramta gare ka. Tafi Yawurin. Ka zaga ƙasar Kabi duka, in ka samu garin da ba a ɓata aiki ka aiko mani in zo in gani."

Ya ajiye kwanon da sauran abinci a ciki ya fita. Mako biyu bai leƙa gidan ba. Yawurin ma bai je ba. Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar ƙayar kifi, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Ana cikin haka aka cire amfanin damina, manoman albasa suka fara shirin dashe. Wata safiya wani dattijo gajere, da buhun ƙarafa a kafaɗa, ya tsayar da shi ya ce ya kai shi fadamar da ke bayan Dangoma. Sunansa Malam Zayyanu, haƙar burtsatsen fadama ce sana'arsa, irin ƙananan rijiyoyin bututu da manoman rani ke jona wa injin ban-ruwa. Da suka isa Ubaidullahi ya ce bari ya ɗan kalla kafin ya juya.

Mutum huɗu ne suke ɗaga dogon bututun ƙarfe suna sakinsa cikin ƙasa, inji yana tura ruwa ta cikinsa, ruwan yana dawowa ta gefen ramin ɗauke da abin da ke ƙarƙashi. Malam Zayyanu ya tsuguna a bakin ramin, jefi-jefi ya tara hannu ya murza abin da ya fito. Da fari baƙar laka, sai ja, sai rairayi mai laushi kamar garin tuwo, can an jima sai wani mai kaushi da 'yar tsakuwa a ciki. Nan dattijon ya ɗaga hannu aka tsaya. Ubaidullahi ya matso ya tambaye shi yadda aka yi ya san abin da ke ƙasa alhali bai gani ba. Malam Zayyanu ya ce, "Ba ni na sani ba, hannun ne ya sani. Shekara ashirin da biyu yana murzawa."

Sai la'asar Ubaidullahi ya tuna bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ya zama shi ke jigilar kayan aiki a babur, yana kama ƙarfe tare da sauran. Ya koyi tsaga bututun roba da zarto, tsaga siriri yadda ruwa zai shiga ƙasa ba za ta bi ba, ya koyi naɗe shi da raga. Abin da ya kama shi a aikin shi ne babu rami biyu da suke daidai. Gona da gona maƙwabta, wannan a samu ruwa a bututu uku, waccan sai an kai biyar. Ranin nan suka haƙa rijiya ta fi talatin, kuma a karon farko mutanen Maruda suka ji rani ya ƙare yana kan abu ɗaya.

A rani na biyu abin ya faru. Wani manomi mai suna Yusufu ya riga ya dasa albasarsa sai tsohuwar rijiyarsa ta rufta, ya zo afujajan yana neman a haƙa masa sabuwa. A ranar kuma aka yi wa Malam Zayyanu rasuwa a Gwandu, dole ya je ya yi 'yan kwanaki. Ya danƙa wa Ubaidullahi aikin, ya ce masa kada ya kuskura ya sa bututun roba sai ya ga tsakuwa a tafin hannunsa.

Suka fara da sassafe. Da aka kai bututu na uku, rairayi ya fara fitowa da ɗan kaushi. Rana ta take, Yusufu yana tsaye a kansu, maƙwabta sun taru suna kallo. Ubaidullahi ya murza, ya sake murzawa. Tsakuwa dai babu. Amma zuciyarsa ta riga ta nuna masa yadda za a ce yaron Malam Zayyanu ya gama kafin azahar, abin da maigidan nasa ma bai cika yi ba. Atiku, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin ma'aikatan, ya matso ya ce masa a hankali su ƙara bututu ɗaya. Ubaidullahi ya ce a'a, ya isa. Aka sa roba, aka jona inji, ruwa ya ɓulɓulo, aka yi ta sa masa albarka. Ya koma Kalgo yana jin kamar babur ɗin ba ya taɓa ƙasa.

Kwana biyu sai ga kiran Yusufu. Inji ya fara jan ƙasa, daga nan ya daina jan komai. Da Ubaidullahi ya isa ya tarar rairayi ya cushe bututun tam, albasa kuwa ta fara sunkuyar da kai a fangalinta. Mutane sun sake taruwa, waɗanda suka yi yabon ne dai. Yusufu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "An ce mani kanka na ja. To ga shi ya jawo mani."

Wani ya yi dariya. Ubaidullahi ya juya ya nufi babur. Ya ce bari ya je ya ɗauko kayan aiki.

Kalgo ya nufa, amma ba kayan aiki ya ɗauka ba. Ya shiga ɗakinsa ya tura tufafi a jaka, ya ɗaure ta a bayan babur, ya hau hanyar Jega. Tun kafin ya fita gari ya ji wannan sauƙin da ya sani ya sauko masa, irin wanda ya ji ran da ya bar shagon tela, kamar an sauke masa buhu daga ka. Har ya fara shirya abin da zai faɗa a gida: tsayuwa cikin ruwa tana sa masa sanyin ƙafa. Ya maimaita maganar a ransa don ya ji yadda za ta fito, sai ya ji ta da muryar da ya faɗi ciwon baya da ciwon ido. Duk da haka bai rage gudu ba.

Abin da ya tsayar da shi wani abu ne daban. Shin rairayin ne bai kai ba, ko kuwa tsagar da ya yi wa bututun ce ta yi faɗi? In rairayin ne, me ya sa ruwa ya zo da ƙarfi haka a ranar farko? Ya yi ƙoƙarin kawar da tunanin, tunanin ya ƙi. Amsar tana can cikin ƙasa a gonar Yusufu, kuma in ya wuce Jega ba zai taɓa saninta ba. Ya sauka daga kwalta ya tsaya a inuwar wani itacen dogon yaro. Ya zagaya babur, ya zauna, ya miƙe, ya tayar da inji ya kashe. Mai sayar da rake a wurin har ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Ya fi awa ɗaya a haka. Shi da kansa yakan ce ba jarunta ce ta mayar da shi ba, tambaya ce ta fi kunya ƙarfi da ɗan kaɗan.

Ya tarar da Yusufu yana ɗibar ruwa da bokiti daga rijiyar maƙwabcinsa. Ya tsaya a gabansa, jakar tufafin tana nan ɗaure a babur kowa yana gani, ya ce, "Baba Yusufu, laifina ne. An ce in ƙara bututu na ƙi."

Bai taɓa furta irin wannan magana ba tunda yake, kuma ya yi mamaki da ya ga ƙasa ba ta tsage ba. Yusufu bai ko ajiye bokitin ba. Ya ce, "Albasa ba ta shan ban-haƙuri."

Ubaidullahi ya je ya nemo Atiku, shi ma ya ba shi haƙuri, suka tara sauran. Suka zaro bututun da ƙyar. Tsagar lafiyarta lau. Rairayin ne, mai laushi ƙwarai, ya bi ta raga ya cika cikin. Wato a saman ruwan ya tsaya, bai kai ga shimfiɗar tsakuwa ba. Ya daɗe yana murza shi a hannu, har Atiku ya ce masa rana tana tafiya.

Suka matsa taku goma suka fara sabon rami. A bututu na biyu ƙarfe ya ci karo da wani abu mai tauri, suka yini suna duka bai motsa ba. Safe da yamma kuma Ubaidullahi yana jigilar jarkoki a babur daga rijiyar maƙwabci, yana bin fangali ɗaya-ɗaya yana zubawa. Tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Kowace safiya in ya shigo fadamar sai ya ji idanun mutane a bayansa, ƙafarsa ta ce masa juya, ya ƙi.

A rana ta uku da fara gyaran Malam Zayyanu ya dawo. Ya zo ya zauna a kan kunyar gona, ya ji abin da ya faru daga bakin Ubaidullahi, amma bai karɓi aikin ba. Ubaidullahi ya zagaya gonar sau biyu, ya zaɓi wani wuri daga gabas inda ƙasa ta ɗan kwanta. Bututu uku, ga rairayin nan mai ɗan kaushi ya fito. Ya ce a ci gaba. Bututu huɗu, har yanzu babu. Yana satar kallon dattijon, dattijon yana kallon wani wuri. A huɗu da rabi ya tara hannu ya ji tsakuwa tana karce masa yatsu. Aka sa roba. Ruwa ya fito fari tas, ya yini yana zuba bai canza ba.

Kashi ɗaya cikin uku na albasar Yusufu ya riga ya mutu. Bai yi godiya ba, kuma da ya buƙaci wata rijiya shekarar da ta biyo, daga Jega ya ɗauko masu haƙa. Har yau in sun haɗu a kasuwa gaisuwa ce ta fatar baki, kuma har yau abin yana sukar Ubaidullahi.

A hanyar komawa, yana goye da Malam Zayyanu, dattijon ya taɓa jakar tufafin da har yanzu ke ɗaure a bayansu ya ce, "Da ka tafi, da ban neme ka ba. Na ga irinka uku." Mako na zagayowa ya sake ba shi jagorancin wata rijiya.

Kada a ɗauka daga nan ya zama mai natsuwa. Har yanzu a tsaye yake cin abinci, har yanzu in ana hira ƙafarsa tana kaɗawa. Sai dai yawon ya samu alƙibla. Duk ramin da ya haƙa yakan ɗebi ƙasar kowane zurfi a gorar ruwa, ya rubuta sunan gari da adadin bututu a jiki. Gorunan sun cika ƙarƙashin gadonsa sun fara hawa taga. Yakan jera na Dangoma kusa da na Maruda ya yi ta kwatantawa. Ya dami Malam Zayyanu da zancen famfo mai aiki da hasken rana har dattijon ya ce ya ƙyale shi ya tsufa lafiya. Bana yana da ma'aikatansa uku, kuma rijiya biyu ta sake lalace masa, duka biyun ya tsaya ya gyara.

A ƙarshen ranin da ya wuce wani arɗo ya aiko masa daga wata ruga a arewacin Gwandu, inda mata ke tafiya mai nisa kafin su samu ruwa. Wurin tudu ne, ba fadama ba. Malam Zayyanu ya ce masa ƙarfen hannu ba zai huda wannan ƙasa ba, kada ya wahalar da kansa. Ya je duk da haka. Rami biyu ya haƙa, duka biyun dutse ya tare shi. Ya samu arɗon ya gaya masa kai tsaye ya kasa. Aka kawo masa fura da nono, ya sha yana tsaye yana kallon daji.

Yana ɗaure kaya sai wata tsohuwa mai suna Jummai ta ce ya biyo ta. Ta kai shi wata busasshiyar ƙorama a bayan rugar, ta nuna masa wani lungu inda ta ce tun tana amarya, in rani ya tsananta, nan shanu ke zuwa su yi ta tonon ƙasa da kofato. Ya durƙusa ya tona da hannu har gwiwar hannu, ya ji sanyi-sanyi. Ya so ya fara a ranar, amma man inji ya ƙare, ma'aikata sun gaji. Suka yi alkawarin jibi.

Kafin jibin ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, ƙorama ta kawo, kowa ya koma gona da shuka. Ubaidullahi ya je shi kaɗai ya kafa turke a gaɓar da ke daidai da wurin, ya gaya wa arɗo sai bayan kaka. Tun daga lokacin ya koma sau biyu, cikin taɓo, yana tura babur, don kawai ya ga ko shanu ba su tumɓuke turken ba.